Ranar da Mis Odessa Ta Kwashe Kujerun Layi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. A layinmu ba a son a yi zancen mutum, ko da zancen alheri ne, kuma Renita ta fi kowa ƙin a ambaci sunanta. Sai da na tambaye ta, ta rufe fuska tana dariya, sannan ta ce in rubuta amma kada in ƙara gishiri. To ga yadda abin ya faru.

Renita Gholston 'yar Savannah ce, can kudu a bakin teku, aure ne ya kawo ta Chicago. Mijinta Wendell makanikin jiragen ƙasa na cikin gari ne. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kuma in ka sakar masa baki sai ya ce maka daga nan aka fara gina duniya. Ita kuwa a gidan burodi take aiki, tana fita da sassafe ta dawo da yamma da ƙanshin yis a jikinta.

Da cikinta na fari ya fara nauyi, mahaifiyarta Mis Odessa ta zo daga Savannah da akwati biyu da wata babbar tukunya. Tun a tasha ta faɗi sharaɗinta. Za ta zauna ta ga sanyin garin da mutanen garin. In ta ga wurin zama ne, za ta sa ɗan haya a gidanta ta dawo nan gaba ɗaya. In ba haka ba, za ta koma inda ta fito, jika kuma ya riƙa jin muryarta a waya. Renita ba ta taɓa son wani abu kamar yadda take son uwarta ta zauna ba. Mahaifinta ya rasu, ba ta da wa ba ta da ƙanwa. Amma ita ba mai roƙo da baki ba ce. Sai dai ta riƙa sayo mata barguna masu laushi, tana ƙara wa na'urar ɗumama ɗaki wuta har Wendell ya koma yawo da singileti a cikin gida.

Kullum a kan teburin cin abinci shari'a ɗaya ake yi, Savannah da Chicago, kuma ba a taɓa yanke hukunci ba.

"Mama, ki faɗi gaskiya," in ji Wendell wata ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci. "Rabonki da cizon sauro tun yaushe?"

"Sauro ya fi ku hankali, ɗan nan. Shi ya sa bai zo nan ba."

"A garinku mutum ya fito daga wanka, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Da na je neman auren Nita, sai da na canza riga a ƙofar gidanku."

"Tsoron babanta ne ya sa ka gumi, kada ka ɗora wa rana. Ni jiya na leƙa waje kawai, na taɓa hancina na ji kamar na wani ne."

"Aiki fa? A nan ga aiki, ga jirgi har bakin layi. Ko mota ba mu saya ba, ba ma buƙata."

"Jirgin da kowa ke zaune kamar an yi masa rasuwa? Na gaishe da wata yarinya a ciki, ta ja jakarta ta rungume."

"Guguwar teku fa, Mama? Wadda ke ɗauke rufin gida?"

"Guguwa tana aiko da saƙo kafin ta zo, ta yi abinta ta wuce. Naku sanyin kuwa baƙo ne da ya zo da akwati."

"Kamar wata da na sani."

Mis Odessa ta ɗaga cokali ta nuna shi, shi kuma ya kare kansa da faranti. Renita tana dariya, amma kunnenta yana kan uwarta, tana auna kowace kalma, ko za ta ji inda zuciyar tsohuwar ta karkata.

Da Wendell ya tashi, Mis Odessa ta tsaya a taga tana kallon gidajen da ke tsallaken titi.

"Nita, su wane ne a gidan can mai koren ƙofa?"

"Wani tsoho ne da matarsa."

"Na ga tsoho ne. Sunansa nake tambaya."

Renita ba ta san sunansa ba.

"Na kusa da su fa, mai furanni a taga?"

"Wata mata ce da 'ya'yanta. Muna ɗaga wa juna hannu, Mama."

"Hannu." Ta juyo ta dube ta. "In naƙuda ta kama ki da rana, mijinki yana ƙarƙashin jirgi, ƙofar wa za ki buga? A Savannah da yanzu matan layi sun gama faɗa a kan wadda za ta fara goya yaron. Wannan ba gari ba ne, 'yata, ɗakunan ajiye mutane ne."

Abin da Renita ba ta iya faɗa wa uwarta ba shi ne, ita wannan shirun ne ya sa take son Chicago. A Savannah in ta fita sayen madara sai ta tsaya a baranda biyar ta ba da labarin inda za ta da dalilin zuwa. A nan ba mai tambayarta komai. Amma ta ga alama shirun da ya yi mata daɗi shi ne zai raba ta da uwarta.

Ana cikin haka dusar ƙanƙara ta farko mai yawa ta sauka. Gari ya waye fari fat, motocin da ke gefen titi sun koma kamar tuddai. Tun da asuba ake jin ƙarar shebur ta ko'ina, kowa yana haƙo motarsa. Kuma duk wanda ya haƙo tasa ya tafi aiki, sai ya bar kujera a gurbin. Haka ake yi a nan tun kakanni. Ba a rubuta shi a wata doka ba, amma ko yaro ya san cewa wanda ya sha wahalar haƙa gurbi shi ke da shi har ƙanƙara ta narke, kujerar kuma shaida ce. Ba a taɓa ta, ba a matsar da ita. Mutanen da ba sa ɗaga murya a kan komai suna iya gaba ta shekaru a kan wannan kujera.

Renita ta wuce ta tsakanin kujerun a hanyarta ta zuwa aiki, ko kallonsu ba ta yi ba. Su da ba su da mota, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai abin da ya kamata ta bayyana wa uwarta.

Da hantsi Mis Odessa tana shan shayi ta ji a rediyo ana cewa da yamma wata dusar za ta sake sauka, da iska mai ƙarfi daga babban tafkin da ke gefen garin. Ta leƙa ta taga. Ga kujerun mutane a waje, a kan titi ma, masu su duk sun tafi aiki. A Savannah in aka ce iska na zuwa, abu na farko shi ne a shigar da kujerun baranda, don kada iska ta ɗauke su ta fasa wa wani taga. In maƙwabcinka ba ya nan, kai za ka kwashe masa, kuma abin kunya ne a ce kana gida ka bari. Ta ɗaura ɗankwali, ta zura rigar sanyin Wendell da takalmansa, ta fita.

Da yamma Renita ta sauko daga jirgi, ta shigo layi, sai ta ji wani abu bai yi daidai ba. Ta ɗan tsaya kafin ta gane. Babu kujera ko ɗaya. A guraben da aka haƙa kuwa motoci ne cike, wasu ma ba ta taɓa ganinsu a layin ba. Wani mutum yana tsaye a gefen titi da makulli a hannu, yana kallon wata baƙuwar mota kamar zai cinye ta.

Ta buɗe ƙofar gida, ƙanshin miyar kuɓewa da jatan lande ya tare ta. Falo kuwa ba wurin sa ƙafa. Kujerun roba, kujerun ƙarfe masu naɗewa, wata ta katako mai karyayyen baya, har da teburin guga a jingine da bango. Duk an goge su tas, an jera.

"Kin dawo?" in ji Mis Odessa daga kicin, muryarta cike da jin daɗi. "Ki bi a hankali. Bayana kamar zai ɓalle, amma na kwashe su duka kafin iskar ta zo. Mutanen nan ba su san darajar kaya ba. Na ɗora babbar tukunya, don in sun zo karɓa ba wanda zai fita bai ci ba."

Renita ta nemi kujera ɗaya ta zauna.

"Mama, kujerun nan ba na zama ba ne."

"Kujera ce ba ta zama ba? To ta mece ce, ta kallo?"

Renita ta bayyana mata a hankali. Tana magana, fuskar uwarta tana canzawa. Da farko ta yi tsaki ta ce wannan wace irin al'ada ce, mutum ya sa kujera gadin titin gwamnati. Amma kafin ta rufe baki sai ta hango wani abu ta taga. Tsohon nan na gida mai koren ƙofa ne yake tahowa tun daga ƙarshen layi, yana tura matarsa a keken marasa lafiya. Ƙafafun keken suna nutsewa a dusa, yana tsayawa yana haki, yana sake turawa. A ƙofar gidansa, a gurbin da ya haƙa da asuba, wata shuɗiyar mota ce zaune.

Mis Odessa ta cire ɗankwalinta ta riƙe a hannu. Ta bi su da ido har suka shige gida.

"Na zo garin mutane na zubar miki da mutunci," ta ce. "Tsoho da mara lafiya. Ki duba min jirgin gobe, Nita. Ni ba ta nan ba ce, na gaya miki tun farko."

Ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Can sai Renita ta ji ƙarar jan akwati daga ƙarƙashin gado.

Ta kira Wendell a waya. Da ya gama ji, ya fashe da dariya har da tari.

"Duka? Har da teburin guga?"

"Wen, ba abin dariya ba ne. Kaya take haɗawa."

"To, to. Ku kashe fitilar falo, ku bari in dawo. In gari ya yi shiru sai mu mayar da su a ɓoye. Ba wanda zai san mu ne."

Shawarar ta yi wa Renita daɗi ƙwarai, don ita ce irin tata. Amma ta dubi kujerun, ta ga ba ta san ko ɗaya ta wane gida ce ba. Ta tambayi uwarta ta bayan ƙofa, tsohuwar ta ce ita ma ba ta riƙe ba, kwasa kawai ta yi. Kuma ko da an mayar a ɓoye, akwatin nan ba zai koma ƙarƙashin gado ba. Dole masu kujeru su zo da kansu, kuma dole wani ya je ya kira su.

Ta daɗe tana ɗaura igiyar takalminta. Sannan ta tsallaka titi, ta tsaya a gaban koren ƙofa. Ta ƙwanƙwasa a hankali, kamar mai fatan kada a ji.

Tsohon ya buɗe, fuskarsa ja, gashin girarsa da sauran dusa.

"Barka da yamma. Sunana Renita, daga gidan can. Kujerarka tana wurinmu. Mahaifiyata ce ta ɗauka."

Ya dube ta, ya dubi cikinta, ya haɗiye wani abu.

"Ba komai," ya ce, haƙoransa a haɗe.

"Ba komai ina?" wata murya ta faɗa daga ciki. "Tun daga bakin layi yake tsine wa wanda ya ɗauka, har da yaren kakarsa. Wace ce, Marek? Yarinyar nan mai ciki ce? Ka bar ta a sanyi kana ba komai. Shigo da ita."

Haka Renita ta san sunansu, Mista Zielinski da matarsa Halina, wadda aka yi wa aiki a gwiwa, kuma daga asibiti suke dawowa ɗazu. A tsaye, tana murza safar hannunta, ta ba su labarin Savannah da iska da kujerun baranda. Misis Halina ta yi dariya har ta riƙe gwiwar.

"Wato taimakonmu ta yi. Marek, ka ji? Matar da ka ce a ɗaure, taimakonka ta yi."

"Ban ce a ɗaure ba."

"Ka ce. Ɗauko min rigata, ina so in ga matar da ta kwashe layi guda ita kaɗai."

Ƙofa ta biyu ta fi ta farko sauƙi. Ta uku ma har Renita ta ɗaga kai ta dubi mai gidan a ido. Mai furanni a taga Misis Ocampo ce, ita ce mai teburin guga, ta ce kujerunta duka 'ya'ya sun karya, shi ya rage. Ita ta raka Renita sauran gidajen, tana buga ƙofa da tafin hannu kamar 'yar sanda.

Kafin duhu ya gama sauka falon Renita ya cika da mutane a tsaye, kowa da rigar sanyinsa a jiki, kowa ya riƙe bayan kujerarsa. Ba wanda ya zauna. Kowa yana cewa ba komai, kuskure ne, ai yana faruwa, fuskoki kuwa a ɗaure. Ƙanshin miya ya cika gidan, Renita ta ga wasu suna haɗiyar yawu.

"Akwai abinci," ta ce a hankali, "in da mai so."

"A'a, mun gode."

"Kada mu takura muku."

"Na ci kafin in fito," in ji wani dogo mai gilashi, Mista Dunleavy, cikinsa kuma ya yi ƙara kowa ya ji.

Renita ta san mutanen nan sai an yi musu tayi an sake yi kafin su karɓa, amma ta kasa sake yi. Suka fara juyawa wajen ƙofa da kujerunsu. Sai ƙofar ɗaki ta buɗe.

"Nita, haka na koya miki tayin abinci? Kamar mai ba da haƙuri?"

Mis Odessa ta fito idanunta jajur, amma ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta wuce kicin, ta zubo shinkafa da miya, ta ɗora wa Mista Dunleavy faranti a hannu, ya rasa yadda zai yi sai ya saki kujera ya karɓa.

"Zauna. Ai taka ce, ba aro ka yi ba. Kai ma zauna. 'Yar nan, cire wannan rigar, ba a cin abincina da rigar yaƙi."

Ɗaya bayan ɗaya suka zauna, kowa a kan tasa. Misis Ocampo ta buɗe teburin guga aka jera burodin masara a kai. Sannan Mis Odessa ta je gaban Mista Zielinski ta tsaya.

"Mista, na ga abin da na jawo maka, kai da matarka. Na yi kuskure, ka yafe min."

"Ba komai."

"Kada ka ce min ba komai. Bakinka ya ce ba komai, girarka ta ce da komai. Faɗa min abin da ka ce a hanya, in ji, mu wuce wurin."

Tsohon ya dubi farantinsa. "Ba zai faɗu a gaban mata ba."

Misis Halina ce ta fara dariya, sai falon gaba ɗaya ya ɗauka. Daga nan baki ya buɗe. Aka shiga ba da labarin kujeru, wanda aka taɓa zuba wa ruwa a ƙofar mota ya daskare, da wadda ta sa hoton surukarta a gurbi ba wanda ya kuskura ya matsa kusa. Aka tambayi Mis Odessa ko gaskiya ne a Savannah mutane suna zama a waje haka kawai ba dalili. Ta ce zaman shi ne dalilin.

"Ni abin da ya fi ba ni haushi," in ji Mista Zielinski, ya ɗan saki jiki, "mai shuɗiyar motar nan. Ya ga gurbi a haƙe tsaf, a ƙofar gidan mutum, ya shiga."

Mista Dunleavy ya ajiye cokali a hankali. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ban ga kujera ba," ya ce. "Nawa gurbin ma wani ne ya shige."

Ya miƙe, ya lalubo makulli.

"Gama abincinka tukuna," in ji Mis Odessa. "Motar ba za ta gudu ba."

Tana zuba wa Misis Halina ƙari ta ce, ita dai abin da ya tsaya mata a rai shi ne yarinyar nan ta haihu a layin da ba ta da ƙofar bugawa. Misis Halina ta dubi Misis Ocampo.

"Ai mun gama wannan maganar tun da cikin ya fito. In da rana ne, motar Ocampo, don tana gida. In ba ta nan, Marek. Har tsohon gadon jariri na jikata mun sauko da shi mun wanke."

Renita ta ɗago kai. "Ba ku faɗa min ba."

"To, ba mu so mu shiga abin da ba a sa mu ba. Mun ga kamar ba kya son a dame ki. Muna jira ne ki yi magana."

"Ita tana jiran ku, ku kuna jiran ta," in ji Mis Odessa. "Da sai yaron ya yi gemu. Ikon Allah. Ban taɓa ganin mutane masu ɓoye alheri kamar kayan sata ba sai ku."

Wendell ya shigo a daidai lokacin, dusa a kafaɗarsa, don ta fara sauka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon falonsa.

"Na ce a kashe fitila," ya ce wa Renita a kunne.

"Je ka ci abinci."

Da mazan suka gama, ba wanda ya ce a yi kaza. Mista Dunleavy ya fita ya janye motarsa. Sauran suka bi shi, kowa ya shiga gida ya fito da shebur, matan ma masu ƙarfi suka bi. Wendell ya karɓi makullin tsohon ya je ya kawo motarsa ƙofar gida. Sannan suka kama layin daga wannan kai zuwa wancan, suna haƙa sababbin gurabe ga duk wanda ya rasa nasa, ba hira, ba waƙa, sai ƙarar shebur da tururin numfashi. Iskar da rediyo ya faɗa ta zo, amma kujerar da ta faɗi sai wani ya tashe ta ya danne da ƙanƙara. Ta katakon nan mai karyayyen baya ce kawai ba wanda ya ce tasa ce, har yau tana gidan.

Mis Odessa tana tsaye a taga da soso a hannu, ta manta da wanke-wanken. Renita tana ɗauraye faranti, tana satar kallonta. Ta daɗe tana juya tambayar a baki kafin ta fito.

"Mama, maganar jirgin gobe."

"Garin nan bai kai Savannah ba," in ji tsohuwar, ba ta juyo ba. "Kada ki je ki ce wa mijinki na ce ya kai. Sanyinsa mugu ne, kuɓewarsa ba yauƙi, mutanensa kuma sai ka sace musu kaya kafin su shigo gidanka."

"To, Mama."

"Amma dubi yadda suke haƙa. A wurinmu da yanzu ana nan ana ba da labarin yadda za a haƙa." Ta matse soson. "Halinar nan ba ta iya dafa shinkafa ba, da bakinta ta faɗa min. Na ce zan leƙa ta ranar Laraba. Kuma in na tafi, ke da su za ku koma ɗaga hannu kamar masu korar ƙuda. Ki kira kawunki Lucius, ki ce malamar makarantar nan da ke neman haya, ya ba ta makulli."

Renita ta riƙe bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu.

"Kada ki yi min kuka a kan faranti. Kuma ki sani, duk rani jikana a Savannah zai yi shi. Sai sauro ya san shi, ya san danginsa."

Washegari da sassafe, kafin ta tafi gidan burodi, Renita ta zauna a bakin gado da rigar sanyi a jiki ta kira Kawu Lucius. Ya sa ta maimaita saƙon, ya tambaya ko Odessa ce da kanta ta faɗa, a cikin wannan firjin da suke kira gari. Ta ce ita ce. Ta ce ya ba malamar makulli, ya haɗo keken ɗinkin Mama da hotunan Baba da ke falo, ya sa a motar kaya. Da ya fara ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya sayi jirgin kamun kifi, ba ta katse shi ba. Ta bari jirginta na farko ya wuce, ta saurare shi har ya gama.